Cindo da Man Alwala

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Cindo. Ku matso, jama'a, ku matso kusa, yau labarin ƙafa zan ba ku. E, ƙafa! Ga shi har wasu sun fara jan riga suna rufe dunduniya. Ku bar ta a buɗe, ai mun riga mun gani tun a wurin alwala.

Shi wannan Cindo, kun san ba a ba mutum sunan nan a banza, yatsa shida ne a hannunsa na dama. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Yana saurayi ya tafi birni cin rani, ya sami aikin dako a wani wuri da ake yin sabulu. A nan ya fara ganin wani ruwa da ake fitarwa idan ana haɗa sabulu, garau da shi, ga kauri kamar zuma, in ka lasa ma zaƙi gare shi. Gilisarin ke nan. Iyayenmu mata da ke bayan labule sun san shi, yanzu kowane kemis ka shiga za ka samu. Amma a wancan zamani, a garin su Cindo, ko sunansa ba a taɓa ji ba.

Wata tsohuwa da ke aiki a wurin ita ta gaya masa halin abin. Ta ce, "Ɗana, wannan da kake gani ba shi da ruwa na kansa, janyowa yake yi ya riƙe. Ka shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata, sai ya kama ruwan ya hana shi tafiya, fata ta yi laushi. Ka shafa shi tsura a busasshiyar fata, sai danƙo ya ishe ka, ba abin da za ka ƙaru da shi." Cindo ya riƙe maganar nan.

Da ya koma gida ya yi aure, ya auri wata mai suna Delu, sai ya kama sana'a da abin da ya koyo. Ya narka man kaɗe, ya zuba gilisarin kaɗan, ya sa maburgi ya yi ta bugu har abin ya yi fari ya tashi, ya ɗura a 'yan gwangwanaye, ya kasa a gindin wata ceɗiya a bakin kasuwa. Garin kuwa garin magina ne da masu yin tubali, mutanen da suke wuni cikin laka. Faso a garin nan, jama'a, ba a magana! Akwai dunduniyar da za ka ɓoye kwabo a cikinta. Mutum ya kwanta, bargo ya kama ƙafarsa, sai an yi kokawa kafin su rabu.

To ku saurara, nan ne tushen labarin. Cindo ya san man nan ba ya aiki sai fata tana da danshi. Ya yi ta tunanin yadda zai gaya wa mutane su riƙe, kada su manta. Sai ya ce a ransa, yaushe ne ƙafar Musulmi take jiƙewa ba fashi? Ai wurin alwala! Shi ke nan, duk wanda ya saya sai ya ce masa, "Da ka idar da alwala ka shafa, tun ƙafa ba ta bushe ba. Kada ka shafa sai bayan alwala."

Allahu Akbar! Mutane suka shafa, faso ya haɗe, kaushi ya kwanta. Tsohon da ya manta yadda ake taka ƙasa ba tare da cije leɓe ba ya dawo yana tafiya har da rangaji. Sai wani ya gwada shafawa a busasshiyar ƙafa, bai ga komai ba sai danƙo. Ya fito yana ba da labari: "Jama'a, man Cindo ba ya ci sai da alwala!"

Kun ga inda aka nufa? Kun gani? Abin da ba ya aiki sai da tsarki, me mutanenmu za su ce yana ciki? Addu'a mana! Kafin ka ce kwabo an sa masa suna man alwala. Wannan ya ce tofi Cindo yake yi a ƙwaryar. Wancan ya ce a'a, da yatsan nan na shida yake motsawa, yatsan nan ba na banza ba ne. Wata ta rantse ta ga haske a bakin ƙofarsa. Daga Cindo aka koma Malam Cindo, daga Malam aka koma Shehi, mutumin da in aka tura shi limanci gumi zai karyo masa!

Ya ce musu, wallahi ya ce musu. Ya ce, "Bayin Allah, man kaɗe ne da gilisarin, ba komai a ciki." Sai su kalli juna su yi murmushi, su ce, "Ka ji ko? Haka waliyyai suke, ɓoye kansu suke yi." Yana musu, suna ƙara yarda. Har ya gaji ya rage faɗa.

Kasuwa kuwa ta buɗe. Daga ƙauyuka ake zuwa a kan jakuna. Ana shafa wa yaro a ka don ya riƙe karatu, ana shafa wa ƙofar shago don ciniki, ɗan kokawa ya shafe ƙirji kafin ya shiga fili, wata baiwar Allah har a miyar mai gidanta ta ɗiga. Gidan Cindo aka sauke jinka aka ɗora kwano. Tukunyar Delu ta san nama ba sai da salla ba. Ni ban ga laifin Delu ba da ta ji daɗi, wanda ya daɗe yana shan miyar kuka lami shi ya san darajar tsoka.

Ana nan, ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, sai ga wasu sun turo mutum a amalanke. Shekarau tela ne, mutumin da duk garin ke sa ɗinkinsa, mai iyali da yawa, wanda abincinsa yake ƙarƙashin ƙafarsa, don da ita yake taka keken ɗinki. Yana da ciwon suga, ya taka ƙusa, wurin ya ƙi warkewa. Tun daga nesa Cindo ya ji wari.

Shekarau ya ce, "Shehi, a ƙara mini man alwala. Wanda na saya ya ƙare, kullum ina cusawa a cikin ciwon, saura kaɗan ya ci."

Cindo ya durƙusa ya kwance tsumman. Innalillahi! Babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, kumburi ya haura idon sawu. Hankalinsa ya tashi. Ya ce, "Malam Shekarau, wannan ba aikin man shafawa ba ne. Man nan na faso ne da kaushi, ba a sa shi a buɗaɗɗen ciwo. Yau ɗin nan, yanzun nan, a kai ka asibiti."

Shekarau ya yi dariyar ƙarfin hali. Ya ce, "Haba Shehi! In bar hannun waliyyi in je a yanke mini ƙafa? Gwada imanina kake yi, na gane."

Cindo ya ce, "Wallahi ba addu'a a ciki."

Shekarau ya ce, "In babu, me ya sa ba ya ci sai da alwala?"

Cindo ya yi bayani, ya sake yi, ya roƙe shi, har ya kama gefen rigarsa. Ina! Shekarau ya ce a ja amalanken zuwa inuwa, ba inda za shi, a nan zai kwanta har sai Shehi ya tausaya masa. Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Ƙafar mutum tana ruɓewa, kuma abin da ya tsare shi daga magani shi ne sunan da aka ɗora wa Cindo. Muddin sunan nan yana tsaye, ƙafar nan ta tafi, wataƙila har da mai ita.

Cindo ya bar kayansa a baje ya nufi gida. Ya tarar da Delu tana tsintar shinkafa. Ya ce, "Delu, yau zan tona asirin man nan a tsakiyar kasuwa. Zan haɗa shi a gaban kowa."

Delu ta ajiye faifai. Ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? In kowa ya iya, wa zai saya a wurinka?"

Ya ce, "Babu."

Ta ce, "To mu ci me? Tsaya in tambaye ka. Kai ka ce musu akwai addu'a a ciki?"

Ya ce, "Ban ce ba."

Ta ce, "Ka taɓa yi wa wani ƙarya?"

Ya ce, "Ban yi ba."

Ta ce, "To ina laifinka? Ka faɗa, sun ƙi ji. Shi Shekarau ba yaro ba ne. Ka yi shiru kawai, Malam, shiru ai ba zunubi ba ne. Na gaji da komawa gidan jiya!" Sai ta fashe da kuka.

Ku saurara, ku saurara da kyau! Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, a taɓa mini shi. Maganar Delu fa tana da ƙafafu. Da ni ne, da kai ne, da yawanmu a nan za mu tsaya, mu ce ai na fita haƙƙinsa. Shaiɗan ba kullum yake ce maka yi ƙarya ba, ya san kai mutumin kirki ne. Cewa yake yi, yi shiru, ci abincinka.

Cindo ya dubi Delu. Sannan ya ce, "Delu, ban ƙera ƙaryar nan ba, amma ita nake ci, ita kike dafawa. Kwanon da ke kanmu da ita aka saya. Dā ina cewa ba ta cutar da kowa. Yau na kwance tsumma na ga abin da ta yi. In aka yanke ƙafar bawan Allahn nan, ranar gobe a wuyan wa za a rataye ta?"

Delu ta share hawaye da bakin zane. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tashi ta ɗauko ƙwarya da maburgi ta dangwarar a gabansa, ta ce, "Ga su nan. Allah ya sa ka san abin da kake yi."

Saura abu ɗaya. Ya san baki kaɗai ba zai yi ba, an riga an saba da musunsa. Yana bukatar shaidar da ba mai iya ƙaryatawa. Sai ya tuna da Jatau.

Wane ne Jatau? Wani mai yin tubali ne a kududdufin bayan gari, mashayin burkutu, wanda goshinsa da ƙasa suka daɗe da yin hannun riga. Kowa gudunsa yake yi. Amma Cindo, tun kafin a san shi, yakan ba Jatau gwangwanin mai kyauta saboda tausayin ƙafafunsa, ya ce masa, "Kai da ka fito daga ruwa ka wanke laka, sai ka shafa." Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ya same shi tsamo-tsamo cikin laka. Ya gaya masa halin da Shekarau yake ciki, ya ce, "Jatau, alfarma nake nema, kuma mai nauyi ce. Zan tambaye ka abin kunya a gaban jama'a. In ba ka yarda ba, wallahi na bar maganar, ba zan tona maka asiri ba."

Jatau ya bushe da dariya. Ya ce, "Wane asiri, Cindo? Ai ko akuyar garin nan ta san ba na salla. Mu je! Shekarau ya taɓa ɗinka mini wando bai wulaƙanta ni ba."

Bayan azahar, kasuwa ta cika ta batse, Cindo ya hau kan wani turmi a gindin ceɗiya ya ɗaga murya: "Jama'a! Duk mai son ganin yadda ake haɗa man alwala ya zo!" Kai! Mahauta suka bar nama, masu hatsi suka bar mudu, mata suka saɓa goyo, aka yi dafifi. Aka turo amalanken Shekarau gaba-gaba.

Cindo ya ɗaga kwalba ya ce, "Wannan sunansa gilisarin, a birni ake sayarwa, daga wurin yin sabulu yake fitowa. Wannan man kaɗe ne, kun san shi. Ni ba zan taɓa ba, ga hannuna, ga yatsan da kuke magana, na mayar da shi baya. Jatau, zo ka haɗa."

Wuri ya ɗauki salati. Jatau! Jatau zai taɓa man alwala? Jatau kuwa ya zauna ya rungumi ƙwarya, ya kama maburgi yana bugu yana rera waƙar mashaya, wadda ba zan maimaita muku a cikin masallaci ba. Mai ya yi fari, ya tashi, ƙamshinsa da kamanninsa ba su bambanta da na kullum ba.

Wani ya yi ihu daga baya: "Ai kama ce kawai! Ba zai ci ba!"

Cindo ya sauko ya ce, "Jatau, hau turmin nan ka nuna musu dunduniyarka."

Jatau ya hau, ya juya baya, ya ɗaga ƙafa. Jama'a, sumul! Mutumin da yake wuni cikin laka, dunduniyarsa ta fi ta amarya. Cindo ya ce, "Tun yaushe kake shafa man nan?" Ya ce, "Tun kafin a fara kiranka Shehi." Cindo ya ce, "Yaushe rabonka da alwala?" Jatau ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya tun ina hannun kakata."

Kasuwa ta kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya fara gane abin da ya gani. Cindo ya ce, "Ruwa yake so, bayin Allah, ruwa! Na alwala, na rijiya, na kududdufi, duk ɗaya ne a wurinsa. Na ce bayan alwala ne don na san lokacin ne ƙafarku take jiƙe. Ba ya ƙara wa yaro karatu, ba ya kawo ciniki, ba ya warkar da ciwo. Ni ba Shehi ba ne, ɗan dako ne da ya koyi bugun mai. Ku yafe mini da na gaji da faɗa muku na yi shiru."

Sannan ya je ya durƙusa gaban amalanke. Ya ce, "Malam Shekarau, ka gani da idonka. Don Allah, don Annabi, ka je asibiti."

Shekarau ya dubi dunduniyar Jatau, ya dubi tasa ƙafar, sai hawaye. Ya ce, "Ashe ƙafata nake kashewa da hannuna. Ku kai ni." Kun san wa ya kama amalanken ya tura har tashar mota? Jatau, da lakarsa da komai.

A asibiti aka ce da an ƙara jinkiri da sai dai a cire daga gwiwa. Aka cire babban yatsa, ƙafa ta tsira. Alhamdu lillahi! Ku ce Alhamdu lillahi mana, ko ba ku ji daɗi ba?

To shi Cindo fa? Kuna jira in ce washegari ya tsinci tukunyar zinariya, ko? Bai tsinta ba. Abin da Delu ta faɗa shi ya faru. Direbobi suka fara kawo gilisarin daga birni, kowace mace ta koyi bugawa a ɗakinta, 'yan ƙauye suka daina zuwa. Wasu ma haushinsa suka ji, don mutum ya fi yafe wa wanda ya yaudare shi a kan wanda ya nuna masa wautarsa. Cindo ya naɗe gammo ya koma dako a kasuwar da dā ake durƙusa masa. Marasa kunya su ce, "Shehi, zo ka ɗauki buhun nan." Ya ce, "To," ya ɗauka. Nama ya koma sai da salla. Delu takan yi mita, ba zan ɓoye muku ba, amma ranar da wata ta yi masa ba'a a gidan biki, ita ta tashi ta ce, "Mijina ya sayar da sunansa ya sayi ƙafar mutum. Naki mijin me ya taɓa saya?"

Aka yi shekaru, Cindo ya tsufa, ya cika. Ranar jana'izarsa, da aka ɗaga makara, sai ga wani dattijo mai ɗan ɗingishi ya kutsa ya sa kafaɗa. Shekarau ne. Kun san yadda ake yi, kowa ya ɗan ɗauka sai wani ya karɓe shi. Aka zo karɓar Shekarau ya ƙi. Aka sake zuwa ya ƙi. Aka ce, "Baba, ƙafarka." Ya ce, "Ku ƙyale ni. Ƙafar nan tasa ce, yau za ta kai shi." Haka ya taka har bakin kabari yana kuka. A sahun salla kuwa, can gefe, ga Jatau da farar furfura, ƙafafunsa da danshin alwala.

Kuma ku ji abin da ya fi ba ni mamaki, ku ji ikon Allah! A garin nan sai ya zama al'ada, duk wanda ya idar da alwala ya lakaci man nan zai shafa, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Cindo." Tsoho ya faɗa, tsohuwa ta faɗa, yara suka tashi suka tarar ana faɗa. Mutumin da ya tsaya a kan turmi ya rantse ba addu'a a cikin man, sai ga shi Allah ya sa ba a buɗe gwangwani sai da addu'a, kuma duk tasa ce. Allahu Akbar!

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiya ba ta tsaya ga kada ka yi ƙarya da bakinka ba. In mutane sun ɗora maka abin da ba ka da shi, kana ci daga ciki, kana kallo yana cutar da wani, to shirunka ma ƙarya ne, kuma za a tambaye ka. Kai bakanike da mai mota ya zaci ka canja abin da ba ka canja ba, ka yi gum. Ke mai haɗa man gyaran jiki da ake cewa naki na fidda kowace cuta, kina jin daɗi kina murmushi. Kai mai maganin gargajiya da aka kawo maka abin da ya fi ƙarfinka, ka kasa cewa a tafi asibiti. Har ni da nake zaune a kan buzun nan, in kun ɗauke ni na san abin da ban sani ba, na ƙyale ku, ina ciki.

Kowa a nan yana da Shekarau ɗinsa kwance a inuwa yana jira. Yau da za ku yi alwalar magariba, in kun zo wanke ƙafa, kowa ya tambayi kansa: ƙafar wa take ruɓewa saboda shiruna? In ka tuna shi, kada ka kwana ba ka je ba.

Allah ya ba mu ƙarfin halin sauka daga girman da ba namu ba. Ya jiƙan Cindo da irinsa, ya sa mu cika da imani. Ku tashi, an kusa kiran salla.